Gyara Kayanka: Jan Kunne ga Masu Sana'ar Kayan Gini

 An rubuta wannan 'yar takarda ne domin masu buga bulo, da masu sayar da siminti da rodi da katako, da direbobin tifa, da magina, da duk wani bawan Allah da ke tara taro da sisi da fatan wata rana ya rufa wa iyalinsa asiri da ɗaki biyu da zaure.

Duk wanda ya zauna a rumfar wani a Ƙofar Ruwa, ko 'Yan Katako, ko Fanteka ta Kaduna, ya ji irin ƙorafin da ake yi. Gwamnati ta sa mu gaba, in ji su. Yau a zo da takardar haraji, gobe a shafa wa gini jan fenti, jibi a ce an hana kaza sai da lasisi. Wasu ma har rantsuwa suke yi cewa duk neman kuɗi ne kawai. To, ba a ce babu neman kuɗin shiga a ciki ba, gwamnati ma da cikinta. Amma akwai abu guda da ke hana hukuma barci fiye da haraji, shi ne gini ya rufta da mutane. A kansa za mu daɗe, sauran kuwa mu taɓa su sama-sama.

Da farko dai a san dalilin da ya sa dokar gini take fitowa daga jiha. A shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da Jihar Legas ta yi da Gwamnatin Tarayya, ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Saboda haka ko Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fitar a 2006 ba ya cizo sosai sai jiha ta ɗauke shi ta sa a dokarta. Legas ta yi tata dokar tsara birni a 2010, ta kafa hukuma ta musamman mai bin gini hawa-hawa, tana kuma da ɗakin gwajin kayan gini na jiha. A Kano hukumar KNUPDA ce mai ba da izinin gini, a Kaduna kuma KASUPDA. Ingancin kayan da ake sayarwa kuwa, daga siminti har ƙusa, yana hannun hukumar SON ta tarayya. Ke nan ɗan kasuwa yana tsakanin idanu biyu, kuma abin da aka halatta a wannan jiha ba lallai ne a halatta shi a maƙwabciyarta ba. Wanda ke kai kaya daga Kano zuwa Dutse ko Katsina, sai ya tambaya kafin ya ɗora.

Me ya sa aka tsananta? Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya zube kamar an tule ƙasa, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin kansa. Kada wani ya ce ai can Legas ce, mu ba ma yin irin wannan tsawo. A ƙarshen watan Agusta na 2022, bene mai hawa uku da ake ginawa a titin Beirut, gefen kasuwar waya a Kano, ya rufta, jama'a suka yi ta tono da hannu. Ranar Juma'a 12 ga Yuli, 2024, wata makaranta a unguwar Busa Buji ta Jos ta faɗo wa ɗalibai suna cikin aji, rai 22 suka tafi, fiye da ɗari suka jikkata. Yara ne iyayensu suka yi musu wanka da safe, suka ba su kuɗin tara, suka ce sai kun dawo.

Waɗannan su ne suka shiga rediyo. Waɗanda ba sa shiga sun fi yawa: katangar da ta danne yaro yana fakewa da ruwa, rufin shadda da ya burma da tsohuwa, baranda da ta ɓalle ranar biki. Kowace damina sai an yi, kuma da an yi sai a ce ruwa ne, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ruwan nan a kan gidan maƙwabci ma ya sauka, me ya sa nasa yana tsaye?

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata damina, a layinmu, katangar wani maƙwabcina ta kwanta cikin dare, ba ta yi shekara biyu da ginawa ba. Allah ya taƙaita, akuya guda ta danne. Da gari ya waye muka fito jaje, na sunkuya na ɗauki ɓarin bulo na murza tsakanin yatsuna, sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki. Ko launin siminti babu a jikinsa, ja-ja ne irin na yashin kwari. Muka ɗunguma zuwa inda aka sayo. Mai wurin yana zaune a inuwa, yaransa suna ta buga wani. Maƙwabcin nawa ya ce masa, "Alhaji, wannan bulon naka ai tuwon ƙasa ne." Ko gezau bai yi ba, ya ce, "Malam, kai ka ce na araha kake so. Mai kyau ma akwai, ga shi can, ba ka tambaya ba." Na ce masa, "To Alhaji, shi wannan na arahar, da ka buga shi, wa ka yi nufin ya kwana a ƙarƙashinsa?" Sai ya ɗauke kai ya shiga yi wa yaro faɗa a kan baro.

Ya kai ɗan'uwana mai buga bulo, da kai nake. Ka fi kowa sanin yadda abin yake. Buhun siminti kilo 50 ne, ba ya ƙaruwa don ka yi masa addu'a. Iyakar bulon da zai iya riƙewa sananne ne a wurinka, kuma duk guda ɗaya da ka ƙara a kan wannan iyaka, daga ƙarfin sauran ka sato shi. Hukumar SON tana da ma'auni na musamman domin bulo, mai lamba 87, wanda ya faɗi nauyin da dole bulo ya iya ɗauka kafin ya fashe, kuma ya bambanta na bangon da zai ɗauki kaya da na bangon raba ɗaki. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha ɗibar bulo daga wuraren bugawa su gwada, kuma abin da suke ta faɗa shi ne yawancinsa ba ya kai wa ma'aunin. Wannan abin kunya ne ga sana'a baki ɗayanta.

Kuma ba a ƙarancin siminti kaɗai cutar take ba. Akwai yashi mai laka da ƙasa, wanda siminti ba ya kama shi. Akwai ƙin ba bulo ruwa. Mutane da yawa sun ɗauka rana ce take ƙarfafa bulo, alhali ruwa ne. Siminti yana yin ƙarfi ne muddin yana da laima, shi ya sa ake so a yi ta shayar da bulo safe da yamma har mako guda aƙalla, kuma ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Bulo kamar jariri yake. Uwa ba ta haihuwa yau ta ɗora wa ɗa tulu gobe. Sai ta shayar da shi, ta lulluɓe shi daga zafin rana da iskar hunturu, ta jira wuyansa ya tsaya, ya zauna, ya yi rarrafe, ya miƙe, sannan a fara aikensa ɗebo ruwa da ɗan ƙaramin kwano. Wanda ya yaye ɗa da wuri don yana gaggawa, shi zai yi ta jinya daga baya. Amma kai ka buga da safe, rana ta busar da bayansa, washegari ka loda a kura a kai wurin gini a ɗora masa linta. Cikinsa ɗanye, bayansa fari. Wannan da mayaudarin da ke shafa wa doki mai ciwo mai ranar kasuwa, ina bambancinsu?

Sai rodi, wanda sha'aninsa ya fi na bulo haɗari, domin shi da zarar an zuba kankare ya ɓuya ke nan, babu mai sake ganinsa sai ranar da gini ya faɗi. A nan sai mu yi ɗan lissafi, a yi haƙuri. Cikakken rodi tsawonsa mita 12 ne. Mai kaurin milimita 12 nauyinsa ya haura kilo 10 da rabi kaɗan, saboda haka tan guda yana ba da sanda 93 zuwa 94. Mai milimita 16 kuwa kusan kilo 19 ne, tan guda sanda 52 zuwa 53. To in aka ce maka ga tan na mai 12 amma sanda ɗari da wani abu ne, kada ka yi murna ka ce ka sami gyara. An tsotse kowace sanda ne. Kuma ragin da ido ke rainawa ba ƙarami ba ne: rodin da aka ce 12 ne alhali 11 ne, ya rasa kusan kashi 16 cikin 100 na ƙarfen da ke jikinsa. In kuwa mai 10 aka sa a gurbin mai 12, kusan kashi 30 ne ya tafi. Injiniya ya yi lissafinsa a kan cikakke, ya ce sanda huɗu a fila. An sa huɗun, kowa ya ƙirga ya gani, amma ƙarfin uku ne a ciki. Akwai kuma wanda aka narka daga tarkacen ƙarfe ba tare da kula ba, ka zo lanƙwasa shi ya karye ƙas kamar rake. Mai shagon da ya san wannan, ya jera shi, ya kira shi da sunan cikakke, ya karɓi kuɗin cikakke, to ya sani hannunsa na cikin duk abin da ya biyo baya, ko da gini ya yi shekara goma kafin ya faɗi, ko da shi ya manta fuskar wanda ya saya.

Siminti ma bai tsira ba. Ana farke buhu a ɗebi kwano guda a ɗinke. Ana sayar da wanda ya kwana a laima ya yi gudaji, a farfasa shi da taɓarya a ce lafiyarsa ƙalau. Siminti ba hatsi ba ne da za a ɓoye shi sai ya yi tsada, in ya wuce kamar wata uku a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi. Kuma a jikin buhu akwai lamba, 32.5 ko 42.5, mai nuna ajin ƙarfinsa. Wajibin mai sayarwa ne ya san ta, ya kuma gaya wa mai saye, domin wanda zai yi filasta da wanda zai zuba dekin ba buƙatarsu ɗaya ba.

Jama'a, tun kafin a haifi majalisar jiha an riga an yi wannan doka. Sura guda Allah ya saukar a kan masu tauye mudu, kuma kowane ɗan makarantar allo ya biya ta. Mutanen Madyana, waɗanda aka aiko wa Annabi Shu'aibu, ciniki ne ya kai su ga halaka, tauye awo da sikeli. Malamai kuma kullum suna karanta mana labarin mai sayar da abincin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin kayansa ya ji laima a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawatar masa tsawa mai tsanani a kan algus. To wancan hatsi ne jiƙaƙƙe, iyakarsa asarar 'yan kuɗi. Ina ga wanda algus ɗinsa ke faɗowa a kan mai barci? Mutum ya yi wannan duk mako, ranar Juma'a ya riga liman shiga masallaci, ya je Umra da ribar, ya dawo ana ce masa Alhaji sannu da hanya. Wallahi a ji tsoron Allah. Haƙƙin rai ba ya wankuwa da zamzam.

Abin takaicin shi ne mu ba baƙin gini ba ne. Je ka Zariya ka ga abin da ya rage na masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekara 190 ke nan. Da me ya gina? Ƙasa, da tubali, da azarar giginya. Babu siminti, babu rodi, babu injin kwaɓa. Amma magina na wancan zamani suna kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta ruɓa kwana da kwanaki, suna juyawa suna tattakawa. Su mulmula tubali su jira ya bushe sarai. Su ɗora gini kaɗan su tafi, sai ya sha iska su dawo su ƙara. Azara sai ta giginyar da ta ƙosa, wadda gara ke jin tsoro. Su gama su shafe da makuba, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau soro a yi yaɓe, a gyara indararo. A bisansu akwai Sarkin Magina, wanda in magini ya yi aikin banza shi zai fara kiransa, kuma kunyar wannan kira ta fi tara ciwo. Wato duba gini da hukunta mai ha'inci duk muna da su tun kafin zuwan Bature. Abin da aka yi yanzu, an mai da Sarkin Magina ofis ne, an ba shi hatimi da mota. Su da ƙasa suka yi abin da ya haura ƙarni, mu da siminti muna yin abin da ba ya ganin yayen ɗan da aka haifa a cikinsa.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kai mai gini, kai ma zo nan. Kai ne kake zagaya kasuwa kana neman wanda ya fi araha, ba wanda ya fi kyau ba. Kai ne injiniya zai ce rodi mai 16, ka koma gefe da birkila ku yi ƙus-ƙus ku sa mai 12. Kai ne za ka kashe miliyoyi a tayil da fenti da ƙofar waje mai ƙyalli, amma kuɗin zane da na izini su ne suke maka ciwo. Mafi muni, kai ne ka yi fandisho na gidan ƙasa, da Allah ya buɗa maka sai ka ce a ɗora bene, bayan shekara biyu a ƙara wani, kamar mai jera kwanukan tuwo. Jaki ma akwai iyakar mangalar da yake ɗauka. Ana zuba dekin kuma ka matsa wa kafinta ya cire katakon tallafi bayan 'yan kwanaki don za ka mayar da hayarsa, alhali magina na ƙwarai suna barinsa wajen mako uku. Izinin gini da kake gudu, ma'anarsa wani mai ilimi ya dubi zanenka ya ga ko ƙasar wurin da ginshiƙan za su ɗauki abin da kake nufi. Injiniyan ma a tabbata mai rajista ne da hukumar COREN, ba wanda ya sayi hular kwano a kasuwa ba. Jan fenti in ya hau bangonka, ka tsaya ka je ofis. Masu aikin dare da ranar Lahadi don kada a gan su, kansu suke cuta, domin nauyin kankare bai san ranar hutu ba.

Na san abin da za a ce, kaya sun yi tsada. Gaskiya ne. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin, rodi ma ya bi sahu. Talaka ya ji jiki, mai bulo ma ya ji. Amma maganin tsada shi ne a rage girman gini, ba ƙarfinsa ba. Ɗaki biyu masu tsayuwa sun fi huɗu masu jiran damina. Mai bulo kuma ya faɗi kuɗin mai kyau, wanda zai saya ya saya. In duk 'yan layi suka haɗa baki a kan haka, ina mai neman na banza zai je? Za a kuma ce ma'aikata na karɓar na goro su kau da kai. Inda duk ake yin haka, mai bayarwa da mai karɓa zunubinsu ɗaya, kuma ma'aikacin da ya sa hannu a kan ginin da bai je ya gani ba, shi ma ya shirya amsa. Doka in ta tsaya a kan mai kura da mai rumfa ta tsallake mai bene, ba za ta yi albarka ba, wannan kuma hukuma ta ji.

Sauran dokokin, a gurguje. Ka yi wa sana'arka rajista da hukumar CAC, ka sami lambar biyan haraji, domin yanzu ko kwangilar kawo bulon aji biyu ba a ba wanda ba shi da su. Sababbin dokokin haraji na tarayya da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun sassauta wa ƙananan kamfanoni, jihohi kuma suna ta gyara nasu don su dace, amma sassaucin na wanda aka san da zamansa ne a takarda. Haraji a biya ta banki a karɓi rasit, Kaduna ma tun 2016 dokarta ta hana karɓar kuɗin haraji a hannu. Ka riƙa rubuta ciniki, ko a littafin 'yan makaranta ne. Masu fili da shago a Kano su kula da sabunta takardun mallaka a hukumar KANGIS. 'Yan katako su sani Jigawa ta hana sare itatuwa barkatai tun 2023, Kano ma ta ɗaure amfani da injin yankan itace da sharaɗin izini. Masu tifa su daina kwasar yashi a gindin gada da bakin gonakin mutane, su rufe kaya da tamfol. Kada a juye yashi da tsakuwa a kan titi, kada a gina rumfa a kan magudanar ruwa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata atamfofi da shaddodi, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Shugabannin ƙungiyoyin masu bulo da na 'yan rodi, kada ku jira sai an zo da 'yan sanda an rufe muku layi. Ku sayi sikeli da ma'aunin kauri ku ajiye a ofishin ƙungiya, duk mai saye ya zo ya auna kyauta, wanda aka kama da ragaggen kaya ku fara hukunta shi da kanku. Limamai su sa wannan a huɗuba kafin damina, masu unguwanni su sa ido a kan benen da ke tashi a lungu ba allo ba takarda.

Kai kuma mai karatu, in za ka sayi bulo, ɗauki guda ka ɗaga shi daidai ƙirjinka ka sake shi a kan ƙasa mai tauri, a gaban mai shi. In ya tarwatse ya zama gari, biya shi kuɗin gudan nan ɗaya, ka yi masa sallama ka nufi gaba.